Ganga a Lokacin Jira

Ranar Asabar, 26 ga Nuwamba 2022, na yi wani kuskure a ƙaramar majami'ar ƙauye inda nake aikin katikis, kuskuren nan ne kuwa ya sa na bi sawun tarihin da zan ba da a nan. Kashegari ce Lahadi ta farko ta Lokacin Jira. Mawaƙa sun taru da la'asar domin su gwada waƙoƙi, sai na ce musu daga gobe har daren Kirsimati babu ganga, babu ƙwarya, babu caki, a kwashe su duka a kai ɗakin ajiya. Haka na tashi na ga tsohon katikis ɗinmu yana yi, Allah ya ba shi hutawa, ban kuwa taɓa tambayarsa dalili ba. Saurayin da yake kaɗa mana ganga ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya kafa wannan doka? Allah ne, ko kuwa Turawan da tun asali ba su son gangarmu?" Na buɗe baki, amsa ta ƙi zuwa. Iyakar abin da na iya ce masa shi ne, "Haka muka tarar." Ya jingine gangar a bango ya fita. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba mu gan shi ba, labari kuma ya iso mini cewa yana can wata majami'a a cikin gari inda lasifika ba ta hutawa.

Tambayarsa ta cancanci amsa, gama ba shi kaɗai yake ɗauke da ita a zuciya ba. Na yi kusan shekara ina tambayar firistocinmu, ina aron littattafai. Abin da na samo shi ne, yaron yana da tasa gaskiya, tsohon katikis ma yana da tasa, ni ne dai na tsaya tsakaninsu hannu wofi.

Sunan da Ikkilisiyar Roma ta ba wannan lokaci da harshen Latin shi ne adventus, watau isowa. Ba a majami'a aka haifi kalmar ba. Da ita Romawa suke kiran ranar da Kaisar zai shigo wani birni: a share hanyoyi, a gyara ƙofar gari, manya su fita taryarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ran hawan salla ya san irin wannan jira. Ana kiɗa, amma ba kowane kiɗa ba. Masu kalangu suna taɓawa kaɗan-kaɗan, kakaki kuwa yana kwance, ba mai busa shi sai sarki ya fito. Wanda ya busa kakaki alhali sarki yana ciki ya ruɗa gari. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Tun kafin a san wani abu mai suna Lokacin Jira, Kirista sun riga sun koyi jira da waƙa a baki. A shekara ta 386, a birnin Milan na ƙasar Italiya, uwar sarki mai suna Yustina ta so a ƙwace wata majami'a a ba mabiyan koyarwar Ariyus, masu musun cewa Ɗan daidai yake da Uban. Bishop Ambros ya ƙi. Sojoji suka kewaye majami'ar, jama'a kuwa suka zauna a ciki dare da rana tare da bishop ɗinsu, ba su san ko za a auka musu da takobi ba. Domin kada gajiya da fargaba su karya musu zuciya, sai aka shiga rera zabura da waƙoƙi kamar yadda ikkilisiyoyin Gabas suke yi. Wanda ya ba mu wannan labari ɗan Afirka ne, Agustin, wanda daga baya ya zama bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Mahaifiyarsa Monika tana cikin waɗanda suka kwana a majami'ar. Ambros da kansa ya tsara waƙoƙi masu gajerun baitoci waɗanda kowa zai iya riƙewa, ɗaya daga cikinsu kuma, wadda take kiran Mai Fansar al'ummai ya zo, ta zama waƙar Lokacin Jira har wa yau.

Shi Agustin ɗin bai saki jiki da waƙa gaba ɗaya ba. Ya faɗa cewa ya zub da hawaye sa'ad da ya ji ana rerawa a Milan, amma daga baya ya riƙa tuhumar kansa, yana ganin in daɗin murya ya fi maganar da ake rerawa taɓa shi, to, ya yi laifi. Har ya yi tunanin ko gara a rage waƙar ta koma kusan karatu. A ƙarshe ya karkata ga barinta, domin ta taimaki masu raunin zuciya. Ashe gardamar da muka yi a ƙauyenmu ta girmi kakannin kakanninmu, ɗaya daga cikin waɗanda ta fi hana su barci kuwa ɗan nahiyarmu ne.

Lokacin Jira kansa daga maɓuɓɓuga biyu ya taso. Ta farko tana Sifen da Faransa. A shekara ta 380 bishop-bishop suka taru a Saragosa suka ce daga 17 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu, kwana 21, kada kowa ya ƙaurace wa majami'a. Bayan kamar shekara ɗari, Bishop Perpetuwus na birnin Tur, wanda ya rasu wajen 490, ya kafa azumin kwana uku a kowane mako, tun daga idin Martin mai tsarki, 11 ga Nuwamba, har Kirsimati. Taron Makon na 581 ya ƙarfafa wannan, ya ambaci Litinin da Laraba da Jumma'a, ya ce a yi sujada a kwanakin nan bisa ga tsarin babban Azumi. A wancan gefe ke nan, jira tuba ce da ɗaure ciki.

Maɓuɓɓuga ta biyu Roma ce, inda abin ya zo a makare, da wata fuska dabam kuma. An fara da mako shida, daga baya aka rage zuwa Lahadi huɗu. Mutanen Milan dai suna riƙe da shidansu har yau. Romawa ba azumi suka sa gaba ba, karatu da addu'a ne. Gregori Babba ya hau kujerar Bitrus a watan Satumba 590, shekarar da ba mai hankalin da zai yi marmarin sarauta a cikinta. Kogin Tiba ya yi ambaliya a ƙarshen 589 ya lalatar da rumbunan hatsi na Ikkilisiya, annoba ta biyo baya ta kashe Paparoma Pelajiyus na 2 a Fabrairu 590, mayaƙan Lombad kuma suna cin ƙasar Italiya. A ƙarshen shekarar nan Gregori ya tsaya ya yi wa'azi a kan Luka sura 21, inda Ubangiji ya yi maganar alamu a rana da wata da taurari. Bai rufe wa mutanensa kome ba. Ya tuna musu da guguwar da ta tumɓuke tsofaffin itatuwa, ta rushe gidaje da majami'u, kwana biyu kacal kafin ranar. Amma inda ya kafa ƙafarsa shi ne wurin da Yesu ya umarci almajiransa su ɗaga kai, domin fansarsu ta kusa. Ni dai a ganina ba za a gane Lokacin Jira ba sai an tuna cewa masu rumbu fanko ne suka rene shi.

A ƙarni na 8 da na 9, zamanin Sarki Pepin da ɗansa Sharlaman, littattafan sujada na Roma suka shiga Faransa, suka gauraya da al'adun can, sa'an nan suka komo Roma da sabuwar kama. Waƙoƙin da ake kira na Gregori ma a wannan zamani suka kafu, a wurare kamar birnin Mez, shekaru masu yawa bayan rasuwarsa a 604. Sunansa aka liƙa musu don girmamawa. Da tafiya ta yi tafiya, daga gaurayar nan muka gaji abin da muke gani: firist yana sa tufa mai launin shunayya kamar a Azumi, ba a rera waƙar Ɗaukaka ran Lahadi, amma Halleluya ba ta yin shiru kamar yadda take yi a Azumi. Da fari saboda tuba aka riƙe waƙar Ɗaukaka. Yau kuwa Ikkilisiya ta fi ba da wani dalili mai daɗin ji. Farkon waƙar nan shi ne abin da makiyaya suka ji daga bakin mala'iku a daren haihuwa, cikin Luka sura 2. Ana ajiye ta ne domin sa'ad da ta ɓarke a daren Kirsimati kunne ya ji ta sabuwa fil. Kakakin nan ke nan da na ambata.

Abin da ya fi kama mini zuciya cikin dukan gadon nan shi ne wasu gajerun waƙoƙi bakwai da ake rerawa a addu'ar yamma daga 17 zuwa 23 ga Disamba, gaba da bayan waƙar Maryamu. An san su a Roma tun ƙarni na 8 aƙalla. Kowacce tana farawa da kira, tana ƙarewa da roƙon wanda ake kira ya zo. Ba a ambaton sunan Yesu a cikinsu ko sau ɗaya. Da laƙabi ake kiransa, waɗanda aka ɗebo daga annabawa, yawanci Ishaya: ran farko Hikima, sa'an nan Ubangiji, Tushen Yesse, Mabuɗin Dawuda, Fitowar Rana, Sarkin Al'ummai, ran ƙarshe Imanuwel. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, gama kirari ne. Haka maroƙi yake tsayawa a ƙofar fada yana jero wa sarki laƙabi da asali, ɗan wane jikan wane, sarkin kuwa bai fito ba tukuna, kowane kirari yana ƙara wa jama'a ɗoki. Sai dai maroƙin fada riga da doki yake nema, Ikkilisiya kuwa mai kirarin kansa take roƙo. Masu lura sun ga cewa in aka ɗauki harafin farko na kowane laƙabi da Latin, aka karanta daga na ƙarshe zuwa na farko, sai su ba da kalmomi biyu masu ma'anar "gobe zan kasance", kamar wanda ake ta kira ne ya amsa daga cikin gida.

Daga waɗannan bakwai aka tsara waƙar Imanuwel wadda kusan kowace ɗarika take rerawa yanzu. An buga ta da Latin a birnin Kolon a 1710, wani limamin Anglika mai suna John Mason Neale ya juya ta zuwa Turanci a 1851, aka haɗa ta da karin da muka sani a 1854. Sai a 1966 wata masaniya, Mary Berry, ta gano karin a cikin wani rubutun hannu na ƙarni na 15 a babban ɗakin karatu na Paris. Ashe mata 'yan zuhudu ne suke rera shi wajen jana'iza. Wanda ya san sanyin karin nan ba zai yi mamaki ba.

Bari in ratse kaɗan saboda 'yan'uwana da suka yi makarantar mishan kamar ni. Do, re, mi ɗin nan da aka sa mu haddace, malam yana tsaye da tsumagiya, daga wurin Yahaya Maibaftisma ya fito, mutumin da muke ji a Lahadi ta biyu da ta uku ta Lokacin Jira. Wajen shekara ta 1025 wani ɗan zuhudu, Gido na Arezzo, ya yi amfani da wata waƙar idin Yahaya wadda kowane layinta yake farawa da murya mataki ɗaya sama da na bayansa. Ya ɗauki gaɓar farko ta kowane layi ya mai da su sunayen muryoyi: ut, re, mi, fa, sol, la. Daga baya aka musanya ut da do. Abin da waƙar take roƙo kuwa shi ne a kwance harshen mawaƙa, gama tana tunawa da Zakariya, mahaifin Yahaya, wanda ya bebance wata tara saboda shakka, da bakinsa ya buɗe kuma yabo ne ya fara fitowa.

To, ina ganga a cikin wannan duka? Shekaru ɗaruruwa Ikkilisiyar Yamma da murya kaɗai take waƙa. Ogan, babban abin busa mai bututu da yawa, sannu a hankali ya shiga majami'u daga wajen ƙarni na 10, shi ma sai da ya sha suka. Da ya samu wurin zama sai aka sa masa takunkumi: ya yi shiru a Azumi da Lokacin Jira, in ban da ranakun idi da Lahadi ta uku ta Jira, Lahadin farin ciki, wadda firist yake iya sa tufa mai ruwan hoda. Umarnin Roma na 3 ga Satumba 1958 ya sake nanata wannan. Gaskiyar tsohon katikis ɗinmu ke nan. Dokar shiru ba domin ganga aka yi ta ba, kayan kiɗan Turawa ta fara kamawa, tun ɗan mishan bai taka ƙasarmu ba.

Amma yaron ma bai yi ƙarya ba. Ran 22 ga Nuwamba 1903 Paparoma Piyus na 10 ya fitar da doka a kan kiɗa da waƙa a majami'a. Majami'un Italiya ne suka dame shi, inda Mas ta koma kamar gidan wasa, mawaƙa suna nuna gwanintar maƙogwaro. Ya ɗaukaka waƙoƙin Gregori, ya hana piyano, ya hana kayan kiɗa masu ƙara, har ya ambaci ganguna da sunansu. Ba mu yake nufi ba, amma a kanmu ta sauka. A duba shekarun. 'Yan mishan Katolika sun isa Nabrongo a arewacin Gana a 1906, sun isa Shandam a Nijeriya a 1907, an buɗe mishan na Yamai a 1931, ƙungiyar da ta kafa Ikkilisiya a arewacin Kamaru kuma ta iso a 1946. Dukansu da dokar 1903 suka zo a cikin akwati, ita kuwa ba ta Lokacin Jira kaɗai ba ce, ta shekara duka ce. Ga shi kuma sun tarar da garaya da goge da ganga a wurin bori, sai tsoro ya haɗu da doka. Sababbin masu bi waɗanda suka baro bori sau da yawa sun fi firist ƙin kiɗan, gama su sun san abin da kowane take yake kira. Duk da haka kada mu yi wa tarihi kwalliya, akwai raini a ciki. An bar kakanninmu suna zaton ƙaramin ogan mai feda da aka ɗauko daga Turai tsattsarka ne, abin da hannunsu ya sassaƙa kuwa na arna ne. Haka aka yi shekara da shekaru ana yi wa Allah waƙa da karin aro.

Canji daga ƙasa ya fara kafin ya sauko daga sama. A 1958, a garin Kamina na Kwango, wani firist ɗan Beljiyam, Gido Haazen, tare da wani malamin makaranta, Joachim Ngoi, da yara mawaƙa, suka ɗora kalmomin Mas na Latin a kan karin waƙoƙin ƙasar, da ganguna. Faifan, mai suna Missa Luba, ya zaga duniya. Sa'an nan Majalisar Batikan ta Biyu ta zauna. Ran 4 ga Disamba 1963, Laraba ce ta makon farko na Lokacin Jira, aka amince da takardar sujada da ƙuri'a 2,147, huɗu kaɗai suka ƙi. Sashe na 119 ya ce a ƙasashen mishan akwai al'ummai masu nasu gadon kiɗa da waƙa, sai a ba gadon nan daraja da wurin da ya dace da shi. Sashe na 120 ya buɗe ƙofa ga kayan kiɗa waɗanda ba ogan ba, in shugabannin Ikkilisiya na yankin sun yarda.

Labarin da na fi so shi ne na Ker Musa a ƙasar Sanagal. Gidan zuhudu na Solem a Faransa shi ne ya farfaɗo da waƙoƙin Gregori a ƙarni na 19, a kan aikinsa kuma Piyus na 10 ya jingina. Daga gidan nan ne 'yan zuhudu tara suka zo suka kafa Ker Musa a 1963. Da maganar Majalisa ta iso musu, aka ɗora wa ɗayansu, Dominik Katta, aikin sauraron waƙoƙin ƙasar. Kunnensa ya tsaya a kan kora, molon Mandinko mai tsirkiya 21. Aka kirawo maroƙan gargajiya suka koya musu, har gidan ya zama wurin ƙera kora, da ita kuma suke rera zabura safe da yamma. Watau 'ya'yan gidan da ya fi kowa kishin tsohuwar waƙa su ne suka rungumi kayan maroƙa. Wanda ya saurari faifansu zai lura da wani abu: kayan kiɗan namu ne na Afirka, amma babu hayaniya ko kaɗan. A Yawunde kuwa, a majami'ar Ndzon-Melen, firist Pie-Claude Ngumu ya shigo da balafon da rawa a ƙarshen shekarun 1960. Paparoma Bulus na 6 ya zo Kampala a Yuli 1969 ya ƙarfafa 'yan Afirka su riƙe bangaskiya da fuskar Afirka, a 1988 kuma Roma ta amince da tsarin Mas na Zayar.

Dokar Lokacin Jira ma ta sauya. Umarnin 5 ga Maris 1967 ya ce a wannan lokaci kada kayan kiɗa su yi kiɗa su kaɗai, amma su raka murya an yarda. Sabon tsarin Mas ya fara aiki a Lahadi ta farko ta Jira, 30 ga Nuwamba 1969, aka bayyana lokacin a matsayin kwanakin sa rai cikin ibada da farin ciki, masu fuska biyu: shirin tunawa da zuwan Ubangiji na fari, da zuba ido ga komowarsa. Gabatarwar littafin Mas na 2002, sashe na 313, ta ce a yi amfani da ogan da sauran kayan kiɗa daidai wa daida, yadda ba za a riga Kirsimati cika farin ciki ba. Na duba gaba na duba baya, ban ga inda aka ce a kulle ganga a ɗakin ajiya ba. Abin da na zartar ran Asabar ɗin nan tsohuwar doka ce, shekara 55 bayan an sauya ta, har na ƙara mata gishiri.

Sai dai ba littattafan doka ne suka fara saukar da ni ba, Bishara ce. Lahadi ta uku, 11 ga Disamba 2022, firist bai samu zuwa ba, gama ƙauyuka sun yi masa yawa, ni na bi da sujada. Karatun daga Matiyu sura 11 ne. Yahaya, wanda a Lahadin da ta wuce muka ji shi a bakin Urdun yana tsawa, yana maganar gatari da shiƙa da wuta, yanzu ga shi a kurkukun Hirudus, ya aiki almajiransa su tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan, ko kuwa a saurari wani. Gregori Babba ya yi wa'azi a kan wannan wuri, ya ce ba shakka Yahaya yake yi ba, so yake ya ji ko Almasihu zai bi shi zuwa wurin matattu kamar yadda ya biyo shi zuwa duniya. Ni ƙaramin katikis ban isa in ja da Gregori ba. Amma ran nan, da gurbin makaɗinmu fanko a gabana, abin da na ji dabam ne. Mutumin da Yesu ya ɗaukaka bisa dukan haihuwar mata ya yi tambaya mai nauyi, irin wadda wani zai kira rashin kunya. Yesu bai ce masa haka muka tarar ba, bai kuma tsawata masa ba. Ya sa 'yan aiken su dubi abin da yake faruwa ga makafi da guragu da kutare da matalauta, su je su faɗa masa, bayan sun juya baya kuma ya yabe shi a gaban taro. Ina bayani ga jama'a, maganar tana komowa kaina.

Karatu na biyu daga Yakubu sura 5 ne, a kan manomi mai haƙurin jiran ruwan fari da na ƙarshe. A wurinmu Disamba ba lokacin jiran ruwa ba ne. An gama kaka, gero yana rumbu, hunturu ya sauko, samari suna ɗaura kayan cin rani. Amma ba wanda yake cikin ɗakin nan da bai san watan Mayu da Yuni ba, sa'ad da an gama sharar gona, iri yana hannu, ido yana gabas. Manomin nan ba ya naɗe hannu, ba ya kuma yin gum. Yana aikinsa yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Abin da ba ya yi shi ne ya kirawo makaɗan kalankuwa tun ba a yi shuka ba.

Da yamma na tafi gidansu. Na ce masa amsa ba ta hannuna tukuna, amma tambayarsa tana kan hanya, zan kuwa nemo. Mahaifiyarsa ta kawo mana kunu muka sha, bai ce mini uffan ba. Ya zo a daren Kirsimati ya kaɗa, bai dubi inda nake ba.

Da Lokacin Jira na 2023 ya kusato, na tara mawaƙa da dattawa na ba su labarin nan tun daga Ambros har sashe na 313, na kuma amsa laifina a gabansu. Muka shirya haka: ganga ɗaya, da tafin hannu ba da sanda ba, tana bin murya a baya, in waƙa ta tsaya ita ma ta tsaya. Ƙwarya da caki su fito a Lahadi ta uku, guɗa kuwa sai daren haihuwa. A shekarar nan Lahadi ta uku ta faɗo daidai ran 17 ga Disamba, ranar kirarin farko, sai muka riƙa taruwa kowace yamma har 23 ga wata, laƙabi ɗaya a kowace rana. Wata tsohuwa cikin zumuntar mata ta sa musu kari irin na waƙar niƙa, mai amshi, yara suka kama shi tun a dare na biyu. Ba kowa ya gamsu ba. Dattawa biyu har yanzu suna cewa ko ganga ɗayar ma ta yi yawa, wasu matasa kuma suna ƙorafin sujadar ta yi sanyi, ɗaya daga cikinsu ma ya bi lasifika bai komo ba.

Shi kuwa makaɗin, bayan Lahadi ta farko ya same ni a bayan majami'a ya ce, "Malam, wannan kiɗan ya fi wancan wuya, hannuna so yake ya gudu." Sai ya nemi wani tsohon ƙyalle ya ɗaure a fatar gangar domin ya danne mata murya. Ran 24 ga Disamba 2023 Lahadi ce, ta huɗu ta Jira, don haka da safe ya kaɗa da ƙyallen a ɗaure. Da dare, firist yana ɗaga murya zai fara waƙar Ɗaukaka, na hango shi ya sa haƙori yana kwance ƙullin.